A FARA DAGA FILIN BIKI

Duk wanda ya taɓa yin Salla a Agege ko Idi-Araba cikin Ikko, ko a Sabon Badun, ko Sabon Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Bogobiri ta Kalaba, ya san irin taron da ake yi a wannan rana. Tun da hantsi za a ga mai shayi ya rufe teburinsa, mai gadi ya roƙi ubangidansa izinin yini guda, ɗan dako ya ajiye gammo, mai yankan farce ya sa almakashi a aljihu, kowa ya ɗauko rigar da ya adana a ƙasan jaka ya nufi fili. Makaɗa su kama kiɗa, 'yan dambe su shiga fage, mata su fito da waina da tuwo, yara su cika hanya. Bakano ya zauna kusa da Basakkwace, Babarbare ya gaisa da Banufe, Bazabarmen da ya tsallako daga Nijar ya sami wurin zama cikin 'yan'uwa. Da wuya a sami wata jam'iyya ko ƙungiya da za ta aika da takardar gayya ta tara ko rabin wannan jama'a.

Amma washegari da safe sai a ga kamar ba a yi ba. An kwashe kujeru an mayar wa mai haya, an naɗe tabarmi, kowa ya koma bakin nemansa. Kwatar da ta toshe a bakin masallaci tana nan a toshe. Yaron da aka kama cikin samame tun kafin azumi yana nan a tsare, ba a kai shi gaban alƙali ba. Masu yankan tikiti a kasuwa sun dawo da rasit iri uku na kuɗi iri ɗaya, 'ya'yan unguwa kuwa suna gararamba a lokacin da tsararrakinsu ke cikin aji. Jama'ar da ta iya tara kuɗin rumfa da lasifika da abincin ɗaruruwan baƙi cikin mako biyu, ita ce kuma za ta zauna wata goma sha ɗaya tana cewa ba ta da yadda za ta yi. Wannan hasara ce babba, kuma lokaci ya yi da za a dube ta da idon basira.

Akwai samari da 'yan mata da yawa a garuruwan Kurmi waɗanda zuciyarsu ke tafasa saboda halin da talaka ke ciki, suna son shiga aikin neman sauyi, amma ba su san ta inda za su kama ba. Waɗansu sun ɗauka sai mutum ya yi digiri ko ya san wani babba a jam'iyya. Waɗansu kuma sun ƙare da zage-zage a Facebook da WhatsApp, su kwana suna rubutu, gari ya waye ba abin da ya motsa. Amsar da ta dace da su tana nan kusa da ƙofar ɗakinsu. Su shiga kwamitin bikin unguwarsu, na Salla ne, ko na Mauludi, ko na Ranar Hausa da ake yi ran 26 ga Agusta tun 2015, ko na gasar dambe da ƙwallo, su yi aiki tuƙuru a cikinsa, sa'an nan su hana kwamitin watsewa bayan an tashi daga biki.

Dalilin haka a fili yake. Talakan da ke cin abinci daga abin da ya samu a yini ba zai rufe sana'arsa don jin lacca ba, kuma ba a ga laifinsa ba. Ga shi kuma a garin waɗansu, yana gudun duk wani taro da zai jawo masa idon hukuma. Biki kuwa nasa ne, gadonsa ya yi, ba ya bukatar a lallashe shi kafin ya zo. Bugu da ƙari, duk aikin da ake yi wajen shirya biki shi ne ainihin aikin da ake yi wajen kafa ƙungiyar neman haƙƙi. Sai an bi gida gida da rumfa rumfa an san wane ne yake ina. Sai an karɓi gudummawa an rubuta, an yi lissafi a gaban jama'a. Sai an rubuta wa DPO da shugaban ƙaramar hukuma takarda, an je an gai da sarkin gari, an kuma sasanta mutanen wannan layi da na wancan waɗanda ba sa ga maciji da juna. Wanda ya iya waɗannan ya riga ya yi rabin karatun siyasar talakawa, ko da bai taɓa riƙe katin jam'iyya ba.

Tarihin ƙasar nan ya tabbatar da haka, kuma ba a nesa ba, a Abekuta. A 1932 Funmilayo Ransome-Kuti da waɗansu mata 'yan boko suka kafa wani kulob na zumunci, inda ake koyon ɗinki da girki da taimakon gajiyayyu. Ba wanda ya ɗauke shi abin tsoro. A 1944 suka buɗe ƙofa ga matan kasuwa, aka shiga koya musu karatu da rubutu. A wurin wannan karatu ne matan suka fara faɗin abin da ke cin ransu. Ana ƙwace musu shinkafa da sunan dokokin abinci na lokacin yaƙi, ga harajin kai da aka ɗora wa matan Egba tun 1918, ga wulaƙancin masu karɓarsa, alhali kuwa babu mace ko ɗaya a majalisar En'e. A 1946 kulob ɗin ya koma Ƙungiyar Matan Abekuta, wadda kowace mace ke iya shiga, mai ilmi da marar ilmi, ba tare da an tambayi addininta ba, har membobinta suka kai kimanin 20,000.

Da hukuma ta hana su takardar izinin zanga-zanga, sai suka ce ai su biki za su yi da cin abinci a fili. Suka riƙa fitowa dubbai su zauna a ƙofar fadar Alake Ademola na biyu suna waƙa, waƙoƙin kuwa duk na tonon silili ne. A ƙarshen Nuwamba 1947 mata wajen 10,000 suka kwana a ƙofar fada. A Disamba, da aka kama waɗansu daga cikinsu, suka sake komawa, ba su tashi ba sai da aka sako 'yan'uwansu. Har ila yau ba da waƙa kaɗai suka dogara ba. Sun rubuta takardun koke, sun kai maganarsu jaridu, sun ɗauki akanta ya binciki lissafin kuɗin En'e. A ƙarshe aka soke harajin kai na mata, mata huɗu suka sami kujera a majalisar riƙon ƙwarya, a farkon 1949 kuma Alake ya sauka daga gadon sarauta, bai koma ba sai a ƙarshen 1950.

Abin lura a nan shi ne, bikin da ya girgiza fada ya zo ne bayan shekaru na aikin da ba a buga masa ganga, watau ajin yaƙi da jahilci, da rajistar sunaye, da kuɗin ƙungiya, da lissafi. Da an tara matan nan ba tare da wannan tushe ba, da barkonon tsohuwa ɗaya ya isa ya watsa su. Darasin kuwa bai tsaya a Kudu ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga NEPU a Zariya tana 'yar shekara 17, ta yi tattaki har Abekuta don ta ga Funmilayo ta koyi yadda ake haɗa kan mata. Ta koma Arewa tana shiga gida gida, aka ɗaure ta har sau 16, kafin matan Arewa su sami 'yancin jefa ƙuri'a a 1976. Ita kanta NEPU, da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ba ta da dukiya, ba ta da goyon bayan fada, En'e kuma ta sha hana ta izinin lacca. Da waƙoƙin irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, da bakin tela da mahauci da ɗan koli, saƙonta ya ratsa kasuwanni da duk inda jama'a ke taruwa.

Ga kuma wani misali da ya fito daga nesa, amma ya fi kowanne kama da halin ɗan ci-rani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙar fata daga tsibiran Karibiyan suka yi ta ƙaura zuwa Ingila neman aiki. A ƙarshen Agusta 1958 gungun samarin Turawa suka far musu a unguwar Notting Hill cikin Landan, aka yi kwanaki ana tarzoma. Claudia Jones, 'yar jarida haifaffiyar Tirinidad, wadda Amurka ta kora a 1955 saboda ra'ayinta na siyasa, ta ga cewa mutanenta sun firgita, kuma sun rarrabu, kowa yana bin 'yan tsibirinsa. Ran 30 ga Janairu 1959 ta shirya musu bikin kiɗa da rawa irin na gida a zauren St Pancras, aka nuna shi a talabijin na BBC, aka kuma ware wani kaso na kuɗin littafin shirin bikin don biyan tarar samarin da rikicin ya rutsa da su, baƙaƙe da farare. A 1966 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Rhaune Laslett, ta shirya bikin unguwa a kan titi don haɗa mazauna wurin na kowace ƙabila. Daga waɗannan biyu ne bikin Notting Hill ya samo asali, wanda ke tara fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙarshen Agusta. Mutanen da aka so su ɓuya a ɗaki sun zama masu biki a tsakiyar titin da aka kore su.

Kada wani ya zaci wannan magana ce ta nishaɗi. Rayuka da dukiya ne a ciki. A watan Yuli 1999 rikicin Shagamu ya tashi cikin kwanakin bikin Oro, bayan an zargi wata Bahaushiya da fitowa da dare a lokacin da al'adar gari ta hana mata fita. Aka kashe mutane da dama, labari ya isa Kano, can ma aka huce a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. An sake ganin irin wannan a Idi-Araba a Fabrairu 2002, da Mile 12 a Maris 2016, da Sabon Ile-Ife a Maris 2017, da kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairu 2021, galibinsu daga ƙaramar cacar baki tsakanin mutum biyu. A Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi cikin Jihar Edo suna kan hanyarsu ta komawa Kano yin Salla. Haka kuma a Fabrairu 2020, sa'an nan a Yuni 2022, gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a waɗansu manyan ƙananan hukumomi. Ko mutum ya yarda da dalilan hukuma ko bai yarda ba, samarin Arewa masu yawan gaske sun rasa abin yi dare ɗaya, muryarsu kuma ba ta yi nauyin da yawansu ya kai ba. Jama'ar da ba ta da tsari, sai wuta ta kama take neman wanda zai yi magana da yawunta.

Akwai masu cewa baƙo raɓa ne, abinci ya zo nema, ba ruwansa da harkar gari. Wannan magana ta daɗe tana cutar 'yan Arewa mazauna Kudu. Sabon Badun tun 1916 aka kafa shi, akwai gidajen da kaka da uba da jika duk a nan aka yanke musu cibi. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 40, ya ba kowane mutum 'yancin taro da kafa ƙungiya, sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so cikin ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya shiga ƙungiyar samarin NCNC a Inugu, ya yi aiki da mutanen gari, har suka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko. Wanda ke biyan kuɗin rumfa da kuɗin shara da harajin kasuwa a gari yana da haƙƙin tambayar inda kuɗin suka tafi.

To, ta yaya saurayi ko budurwa za su kama wannan aiki? Na farko, su shiga kwamitin biki da hannu, kada su shiga da baki. Wanda ya zo ranar farko yana neman kujerar sakatare, ko yana zagin dattawan da suka yi shekara ashirin suna riƙe da bikin, zai koma gida shi kaɗai. Wanda kuwa ya ɗauki kujeru, ya share fili, ya tsaya gadin janareto, ya raka ma'aji karɓar gudummawa, cikin biki biyu zai san kowane mai faɗa a ji a unguwa, su ma su san shi. Daga nan ne maganarsa za ta yi daraja.

Na biyu, a riƙe littafi. A rubuta sunan kowane mai ba da gudummawa da sana'arsa da layin da yake zaune, a ba shi rasit ko da naira ɗari ya bayar, a kuma karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a kafin a watse. Babu abin da ke kashe ƙungiyoyin talakawa kamar zargin cin kuɗi, babu kuma abin da ke rufe bakin mai zargi kamar lissafi a fili. A gefen fili a kafa wata 'yar rumfa, a zaunar da mutum biyu masu haƙuri da biro da takarda, duk mai kuka ya zo ya faɗa a rubuta. In biki ya tashi a zauna a ƙidaya, za a ga damuwar da ta fi yawa a unguwa, wadda sau da yawa takan sha bamban da wadda manya ke zato. Littafin nan amana ne. Ranar da aka miƙa shi ga wani ɗan takara, ranar ƙungiya ta mutu.

Na uku, a sa kowa ya koma gida da wani abu mai amfani bayan kallon dambe. A gayyato lauya daga Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, ya bayyana wa jama'a da Hausa cewa beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, da abin da mutum zai yi in an kama ɗan'uwansa. A gayyato shugaban makarantar firamare ta kusa ya ɗauki sunayen yaran da ba sa zuwa aji, tun da dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. A nemi ma'aikatan lafiya su zo da allurar rigakafi da na'urar awon hawan jini. A kuma bayyana wa mutane cewa dokar zaɓe ta ba wanda ya yi rajista a Katsina ko Gusau damar mayar da rajistarsa zuwa inda yake zaune a lokacin da hukumar zaɓe ta buɗe rajista. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Jihar Legas tana da masu rajista fiye da miliyan 7, waɗanda suka fito ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu kuwa ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. In haka abin yake a babban zaɓe, balle a zaɓen kansila, inda 'yan ɗaruruwan ƙuri'u kan raba gardama.

Na huɗu, a zaɓi bukata guda ɗaya wadda ake iya cim mata cikin shekara, a tsaya a kanta. Yashe kwata ne, ko rijiyar burtsatse, ko makewayi a kasuwa, ko rasit guda ɗaya na hukuma maimakon uku. Dama bisa al'ada akan gayyaci kansila da shugaban ƙaramar hukuma wurin biki, su zauna a kujerar gaba, a yi musu kirari su tafi. A ci gaba da gayyatarsu da karrama su, amma kafin su tashi wani dattijo ya miƙe ya karanta bukatar cikin ladabi, a miƙa musu ita a rubuce, a roƙi su faɗi rana a gaban jama'a. A bikin baɗi a sake miƙewa a faɗi abin da aka yi da wanda ba a yi ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofar neman bayani a rubuce kan kuɗin jama'a, kuma a Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka tambayar ciyaman abin da ya yi wa unguwa ba rashin kunya ba ce.

Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, kada biki ya zama katanga tsakanin baƙi da masu gari. A aika goron gayyata ga shugabar matan kasuwa, da 'yan ƙungiyar direbobi, da samarin masallatai da na coci-coci, da ƙungiyar raya unguwa da aka fi sani da CDA, a tanadar musu wurin zama da abinci. In nasu bikin ya zo a je a taya su, gwargwadon abin da addini ya yarda da shi. Akwai ma abin koyi a wurinsu. A Ijabu Ode, ranar uku ga Babbar Salla, ƙungiyoyin tsara kan fito bikin Ojude Oba cikin ado, kuma su ne ke ɗaukar nauyin ayyukan raya gari iri iri a sauran shekara. A ƙasar Ibo mata kan koma garuruwansu kowane Agusta su yi taro, su tara kuɗi, su yanke shawara kan makaranta da asibiti da kasuwa. Kwamitin da ke hulɗa da masu gari zai san kwanakin Oro tun da wuri ya sanar a masallatai, kuma ranar da ɗan dako ya yi sa-in-sa da mai shago, akwai lambar wayar da za a kira kafin a kai ga zare wuƙa. Kwatar da ta toshe ba ta tambayar ƙabila in ta tashi ambaliya, talaka Bayarabe da talaka Bahaushe ɗaki ɗaya ruwan ke shiga.

Na shida, a ba mata kujera a kwamiti. Su ne ke dafa abincin biki, su ne ke riƙe da adashi, su suka san gidan da ake kwana da yunwa da gidan da aka cire yarinya daga makaranta. Kwamitin da ya bar su a bakin murhu ya jefar da rabin ƙarfinsa, kuma bai fahimci kome daga labarin Abekuta ba.

Sai dai hanyar tana da ramuka, tilas a faɗe su. Babban rami shi ne ɗan siyasa mai jakar kuɗi. Da zarar zaɓe ya gabato zai zo ya ce shi zai biya rumfa da makaɗa da shanun yanka, da sharaɗin a manna hotonsa a riƙa ambatonsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kwamitin da mutum ɗaya ya biya wa kome ba zai iya miƙewa baɗi ya tambaye shi alkawari ba. Maganin wannan shi ne a dogara da ƙaramar gudummawa daga mutane da yawa, a bayyana duk abin da wani babba ya bayar, a hana tutar kowace jam'iyya a fili, in kuwa za a ba ɗan takara lasifika to a ba dukkan abokan takararsa daidai lokacin da aka ba shi. Kowane memba yana da 'yancin bin jam'iyyar da ya ga dama, amma kwamiti na unguwa ne.

Rami na biyu shi ne rikici da shugabannin al'umma. Sarakunan Hausawa da na Fulani da shugabannin kasuwanni sun daɗe suna tsaya wa jama'a a ofishin 'yan sanda da fadar masu gari, kuma hikima ce a tafi da su, a nemi albarkarsu, a ba su girmansu. Amma girmamawa ba ta hana lissafi, kuma kuɗin da jama'a suka tara jama'a ke da ikon jin bayaninsa. Rami na uku shi ne wuce gona da iri. Filin Idi wurin ibada ne, zaman Mauludi yana da alfarmarsa, kada a mai da su dandalin lacca. Ko a filin wasa ma, in jawabi ya fi kiɗa tsawo, baɗi ba za a ga kowa ba. Minti goma na magana mai ma'ana ya isa. Daɗin daɗawa a kiyaye doka. Ko da yake a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa tsarin mulki, hankali ya nuna a sanar da su a rubuce, a kuma naɗa samari masu natsuwa su kula da tsari, don kada ɓata-gari su sami kafar shiga.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk unguwar da ke son bikinta mai zuwa ya haifar da wani abu, yanzu ne za ta fara, tun ana sauran watanni. Ma'aunin nasara kuwa mai sauƙi ne. Bayan an mayar da kujeru da wata guda, a duba a gani ko kwamiti ya sake zama, ko an karanta lissafi, ko an aika wakilai uku su bi sawun takardar da aka miƙa wa ciyaman. In an yi waɗannan, to unguwa ta sami ƙungiya, saurayin da ya fara da ɗaukar kujeru kuma ya zama ɗan gwagwarmaya ba tare da ya jira kowa ya naɗa shi ba. Allah ya ba jama'a haɗin kai, ya zaunar da garuruwan da suke ciki lafiya, amin.